Aisin da ke saita kansa ko wanda za ka saita da hannu: wanne za ka saya don aikin awon batir a ƙauye?

Ƙanin wani abokina da ya gama karatun lantarki ya same ni a shago ranar kasuwa, ya buɗe mini hotunan bod guda huɗu a wayarsa, wato ƙananan allunan lantarki masu ɗauke da aisi (IC), ɗan ƙanƙanin ƙwaƙwalwar na'ura. So yake ya haɗa na'urar da za ta riƙa lura da batiran sola na masu cajin waya da masu firij a ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura, ta yanke wuta kafin batir ya zube. Ya ce, "Yaya, na ga an ce wannan yana saita kansa da kansa, wancan ba ya yi. Ba sai in sayi mai saita kansa in huta ba?" Na ce, "Ƙanena, ja benci ka zauna, maganar tana da ɗan tsawo." Abin da na gaya masa ranar shi na faɗaɗa a nan.

Duk aisin da ake rubuta wa manhaja lambobi kawai ya sani. Kafin ya san ƙarfin wutar batir sai ta bi ta wani ɓangare da ake kira ADC, wanda ke mayar da wuta lamba. A nan kuskure yake shiga, domin ko aisi biyu daga injin masana'anta ɗaya suka fito rana ɗaya, ƙananan kafasito da taransistocin cikinsu ba sa zama daidai wa daida.

Ka ɗauki sikelin mai sayen riɗi a kasuwar Maigatari. Hanya uku yake cutar mutum. Ko dai allurarsa ba ta kan sifili tun ba a ɗora komai ba, ko dutsen awon ya sha guga har kilo ɗaya bai kai kilo ɗaya ba, ko kuma sikelin yana canza hali tsakanin sanyin safe da zafin azahar. Abin da aisi yake yi idan an ce ya saita kansa shi ne ya toshe kunnensa daga waje na ɗan lokaci, ya auna abin da ya san amsarsa a cikin gida, ya ga iyakar zamewarsa, ya riƙa cire ta daga kowane awo. Wato ya hure ƙurar sikeli ya mayar da allura kan sifili. Dutsen awon, wanda a aisi shi ne wutar da ADC ke kwatanta kowane awo da ita, yana nan yadda yake. Duk wannan rubutun a kan wannan bambancin ya tsaya.

Me ya sa ƙaramin kuskure yake da nauyi? Batir mai ruwa na bolt 12 idan ya cika ya huta yakan nuna wajen 12.6 zuwa 12.7. Idan ya kai rabi yakan nuna wajen 12.1 zuwa 12.2. Rabin bolt ne kacal tsakanin cikakke da wanda ya kamata a ɗaga masa ƙafa. Kuskuren kashi 4 cikin 100 a kan bolt 12.5 rabin bolt ne. Batirin litiyam irin LiFePO4 ma ya fi haka tsauri, don wutarsa kusan a kwance take daga sama har ƙasa, ga shi kowane ɗaki nasa bai kamata ya wuce 3.65 ba a wajen caji.

Abubuwan da nake dubawa

Na farko, wane kuskure aisin yake gyarawa da kansa, wane ya bar maka. Na biyu, kuɗi da samuwa: ana samunsa a Sabon Gari a Kano ko sai an yi oda an jira makonni. Na uku, juriya. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, akwatin da ke ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya fi haka, sannan da hunturu sanyin asuba ya sauko ƙasa da 15, ga ƙura tana shiga ko'ina. Na huɗu, sauƙin aiki ga mutumin da kwamfutarsa tsohuwa ce, datarsa kuma a ƙirge take. Na biyar, tarkon da ba a faɗa a talla.

Arduino Nano ko Uno

Aisin ciki ATmega328P ne. ADC ɗinsa bit 10 ne, wato matakai 1024, kowane mataki kusan milibolt 4.9 idan ana kan bolt 5 (milibolt dubu ne bolt ɗaya). Ba ya saita komai da kansa. Matakan sun ishi aikin batir, matsalar a dutsen awo take, don idan ba ka canza ba, wutar da ke ciyar da bod ɗin ita ce dutsen.

Wannan ya taɓa cin kuɗina. Na haɗa wa wani mai cajin waya irin wannan na'ura, na ciyar da Nano ta bakin USB. A Nano wutar USB tana bi ta wani dayod kafin ta isa aisi, sai ta sauko wajen 4.7, ni kuma a lissafina 5.0 na rubuta. Batir yana 11.9, allon na'ura yana nuna kusan 12.7. Mutumin yana ganin batir cike, yana ta jona wayoyi har bayan isha'i. Kafin damina ta wuce batirin ya daina riƙe caji. Da na je da mita na gwada, ban iya haɗa ido da shi ba. Rabin kuɗin sabo ni na biya.

Akwai dutsen awo na ciki mai bolt 1.1, sai dai takardar bayanan aisin ta ce yana iya zama ko'ina tsakanin 1.0 da 1.2. Abin daɗin shi ne kowane aisi yana riƙe nasa adadin ba tare da yawo sosai ba. Ka zaɓi dutsen ciki a manhaja, ka ɗora mita a ƙafar AREF, wato ƙafar dutsen awo, ka rubuta abin da ka gani a ma'ajiyar EEPROM mai kilobayit 1, wadda ba ta gogewa idan wuta ta ɗauke. Kowane bod sai ka yi masa nasa. Shi ne mafi arha, mafi samuwa, kuma mai taurin kai ne wajen jure wulaƙanci tunda a bolt 5 yake aiki. A Uno mai aisin da ake cirewa, idan ya ƙone ka zare ka sa wani. Tarkonsa ɗaya: kada ka jona wuta daga waje a AREF ba ka gaya wa manhaja ba, kana iya kashe shi.

STM32

Nan ne maganar saita kai ta gaskiya take, nan ne kuma mutane suka fi ruɗewa, don sunan ɗaya ne amma gidajen da yawa.

STM32F103, wanda ke kan bod ɗin da ake kira Blue Pill, tun 2007 yake kasuwa. ADC bit 12 ne, matakai 4096, kowanne wajen milibolt 0.8 a kan bolt 3.3. Yana da umarnin saita kai wanda ke gyara bambancin kafasitocin cikinsa, kamfanin ST ma ya ce a yi shi duk lokacin da aka kunna wuta. Layi ɗaya ne a manhaja, HAL_ADCEx_Calibration_Start, amma na ga yara da yawa sun tsallake shi suna mamakin yadda sifili ya ƙi zama sifili. Sai dai a wannan aisi mai ƙafa 48 dutsen awo a ɗaure yake da wutar 3.3 ta bod, wadda ƙaramin regileta ke bayarwa. Akwai dutsen ciki na kusan 1.2, amma tsakanin 1.16 da 1.24 yake, kuma masana'anta ba ta rubuta maka ainihin adadinsa ba. Allura ta koma sifili, dutse kuma kai za ka auna.

Gidan STM32G0 ya fi wayo. Yana saita sifilinsa, sannan a masana'anta an auna dutsen cikin kowane aisi a kan bolt 3.0 da zafin digiri 30, an rubuta sakamakon a ma'ajiyar da ba ta gogewa. Manhajarka ta karanta dutsen yanzu, ta kwatanta da lambar masana'anta, ta gano ainihin wutar da ke ciyar da bod a wannan daƙiƙar. Da ina da wannan dabarar, da batirin mai cajin waya bai mutu ba. Ka tuna lambar saitin sifili tana ɓacewa idan wutar ADC ta ɗauke, don haka bayan dogon barcin aisi sai an sake. Ni nakan sa ya sake duk bayan wani lokaci, saboda akwatin da ya kwana a sanyi ba shi ne na ƙarfe biyun rana ba.

Wani abin mamaki: Black Pill mai STM32F401 ko F411 ya fi Blue Pill gudu da girman ma'ajiya, yana da lambar dutse ta masana'anta, amma ADC ɗinsa ba shi da umarnin saita kai kwata-kwata. Sabo ba lallai ya gaji duk halin tsoho ba.

Kuɗin Blue Pill bai yi nisa da na Nano ba, amma ka ƙara kuɗin ST-Link na loda manhaja. Ƙafafun awonsa ba sa jure bolt 5. Babban haɗarin Blue Pill shi ne kwaikwayo: bod da yawa suna zuwa da aisin wasu kamfanoni, wasu ma an goge an sake buga suna. Suna aiki, amma alƙawarin takardar ST bai hau kansu ba. G0 kuwa yawanci sai ka yi oda.

ESP32

Kamfanin Espressif na Shanghai ya fito da shi a 2016, samari kuma suna sonsa saboda Wi-Fi da Bluetooth. Wajen awo shi ne mafi rauni a cikinsu, kuma takardar kamfanin ba ta ɓoye ba: idan ba a yi gyara ba, bambancin awo tsakanin aisi da aisi yana kai kashi 6 cikin 100. Dutsensa na milibolt 1100 yana iya zama daga 1000 zuwa 1200. Daga 2018 aka fara ƙona ainihin adadin a cikin aisi tun a masana'anta, kuma umarnin analogReadMilliVolts yana amfani da shi. Wannan saitin masana'anta ne da aka yi sau ɗaya, ba aisin ne yake sake duba kansa a ƙauyenku ba.

Ko bayan gyaran, a zangon da ya fi faɗi awonsa na kirki daga milibolt 150 zuwa 2450 ne, da kuskuren da ke iya kai 60 sama ko ƙasa. Idan ka raba wutar batir gida 5.7 da rizista kafin ta shiga, wannan 60 ɗin ya zama kusan sulusin bolt a kan batir. Ka koma ka duba tazarar cikakke da rabi. Ga kuma tarkon da ya fi kama mutane: rukunin ƙafafun awo na biyu, ADC2, ba ya aiki idan Wi-Fi yana kunne, sai ka tsaya a ƙafafu 32 zuwa 39. Sannan ka tambayi kanka wane Wi-Fi ne a shagon caji a ƙauye. Idan za ka ƙara SIM800L don tura saƙo, shi kuma yana fizgar wuta har amfiya 2 a lokacin aikawa, wutar bod ta girgiza, awo ya girgiza.

PSoC 5LP

Wannan na Cypress ne, kamfanin da Infineon ya saya a 2020. Shi ne ya fi cancantar sunan aisi mai sassan awo da ake tsarawa. A cikinsa akwai ADC mai kai bit 20, da wasu masu bit 12 masu sauri, da masu ƙara ƙarfin sigina, kuma kai ne kake zana yadda za a jona su a kwamfuta. Dutsen awonsa bolt 1.024 ne da kuskuren kashi 0.1 cikin 100, ya yi wa duk na baya fintinkau. Tunda hanyoyin ciki a hannunka suke, kana iya sa shi ya haɗe bakunan awo biyu, ya auna sifili, ya buɗe ya auna sigina, ya cire na farko daga na biyu, kafin kowane awo. Zamewar da zafi ke kawowa a sifili ba ta samun wurin zama. Yana aiki daga bolt 1.71 har 5.5.

Ƙaramin bod ɗinsa CY8CKIT-059 an fito da shi kan dala 10 tare da abin loda manhaja a jikinsa, amma kafin ya iso hannunka a Jigawa ya zarce sauran tsada, kuma idan ya ƙone ba za ka shiga Kano da safe ka dawo da wani da yamma ba. Manhajar zana shi, PSoC Creator, a Windows kaɗai take aiki, masu taya ka idan ka maƙale kuma kaɗan ne. Don awon batir, kamar ɗaukar tirela ne a kai buhu ɗaya kasuwa.

Aisin awo na daban a gefe

Hanya ta biyar ita ce ka bar aisin manhaja ya yi lissafinsa, ka ɗauko masa ɗan awo. ADS1115 na Texas Instruments bit 16 ne, yana da dutsensa na ciki, kuskuren miƙewarsa, wato irin na dutsen da ya sha guga, bai wuce kashi 0.15 cikin 100 ba, waya biyu ta I2C kawai yake buƙata. Ba ya saita kansa, an dai yi shi da kyau tun farko. Ana sayar da ƙaninsa ADS1015 mai bit 12 da sunansa. Ka duba lambobin da yake bayarwa: idan bit huɗu na ƙarshe kullum sifili ne, an yi maka sakiyar da ba ruwa.

Wanda na fi so don batir shi ne INA226. Yana auna wuta kai tsaye har bolt 36, mataki milibolt 1.25, yana kuma auna amfiya. Amfaninsa mafi girma shi ne ya raba ka da rizista biyun da ake sawa don rage wutar batir kafin ta shiga aisi.

Bari in tsaya a kansu, don su ne ɓarawon da ke cikin gida. Ka sa rizista 47k da 10k don rage bolt 15 zuwa 2.6. Idan masu zoben zinare ne, wato kashi 5, ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, kuskuren yana haura kashi 8 cikin 100, bolt guda kenan a kan batir. Masu zoben ruwan ƙasa na kashi 1, waɗanda yawanci jikinsu shuɗi ne, suna tsayar da shi ƙasa da kashi 2. Babu aisin da zai gyara wannan da kansa, ko PSoC, tunda a wajen gidansa abin yake faruwa.

| Zaɓi | Abin da ya gyara maka | Abin da ya rage maka | Kuɗi da samuwa | Juriya da sauƙi | Tarko |
|---|---|---|---|---|---|
| Nano ko Uno | Babu | Dutse da rizista | Arha, ko'ina | Mai juriya, mai sauƙi | Wutar USB ba 5.0 ba ce |
| Blue Pill | Sifili | Dutse da rizista | Arha, ana samu | Bolt 3.3, matsakaici | Kwaikwayo |
| STM32G0 | Sifili da dutse | Rizista | Matsakaici, oda | Bolt 3.3, matsakaici | Mantawa da sake saiti |
| ESP32 | Dutse, sau ɗaya | Kuskuren milibolt 60 da rizista | Matsakaici, ana samu | Mai sauƙi, mai cin wuta | ADC2 da Wi-Fi |
| PSoC 5LP | Sifili kullum, dutse mai kyau | Rizista | Tsada, oda | Mai juriya, mai wuyar koyo | Babu madadi a kusa |
| INA226 ko ADS1115 | An daidaita tun masana'anta | Rizista ga ADS1115 | Ƙarin kuɗi kaɗan | Mai sauƙi | Jabu, iyakar bolt 36 ga INA226 |

Ko wanne ka ɗauka, kafin ka kai wa mai shi ka gwada shi da mita a wuri biyu, misali wajen 11.5 da wajen 14, ka ajiye gyaran a ma'ajiya. Ka sake dubawa da azahar bayan akwatin ya yi zafi. Ita ma mitar ka tuhume ta: ƙaramar rawayar nan idan batirinta na bolt 9 ya yi sanyi sai ta riƙa ƙara lamba. Ka sa mata sabo, ka kuma gwada ta da ta wani abokin sana'a.

Wa zai ɗauki wanne

Idan na'ura ɗaya ko biyu za ka haɗa don shagon caji ko firij ɗin gida, Nano da INA226 sun ishe ka, a tsarin bolt 12 ko 24. Tsarin bolt 48 na manyan inbatoci ya fi ƙarfin INA226, sai ka koma INA228 mai kai 85, ko ADS1115 da rizista masu kyau.

Idan guda hamsin za ka yi ka sayar, ba ka da lokacin zama da mita a kan kowane bod kana neman dutsensa, STM32G0 ne naka. Ka saye shi daga inda ka amince, ka sa rizista na kashi 1 ko waɗanda suka fi.

Mai kula da famfon burtsatse na sola da yake son ganin lamba a wayarsa daga nesa ya ɗauki ESP32 don sadarwa, ya bar awo ga aisin gefe. ADC na ciki ya bar shi wa aikin da ba ya son daidaito, kamar sanin ƙasar fadama ta jiƙe ko ta bushe.

Mai haɗa sikelin hatsi ya nemi HX711 ko NAU7802. Sifili a nan danna maɓalli ne, amma nauyin gwaji na gaskiya ba makawa sai ya samo. Mai injin ƙyanƙyasar ƙwai kuma kada ya wahalar da kansa da ADC: DS18B20 yana bayar da zafi a lamba kai tsaye da kuskuren rabin digiri. PSoC na ɗalibin da ke aikin kammala karatu ne a kan ƙananan sigina irin na tamokoful mai awon zafi, ko wanda yake son ya ga da idonsa yadda aisi yake auna kuskuren kansa.

Shi ƙanin abokin nawa Nano uku ya saya da INA226 uku, ya kuma yi odar G0 guda biyu don ya koya kafin damina. Mitarsa ma ya bar mini ita kwana biyu na gwada da tawa.